Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Da Ƙiyasin Kuɗin Gini: Jawabin Kwamitin Ayyuka

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, 'yan'uwa mazauna Sabo.

Kusan kowa a nan yana da gini a gida, ko yana da niyyar yi. Mun kuma san yadda abin yake ƙarewa: muna Ibadan muna aika kuɗi, sai a bugo waya a ce gini ya kai linta, kuɗi sun ƙare. Daga nan zargi ya shiga tsakanin wa da ƙane. Sau da yawa kuwa ba cin amana ba ne, tun farko ne ba a yi ƙiyasi ba.

Turawa ma sun sha wannan matsala. A 1988 Jami'ar Salford ta Ingila da ƙungiyar masu ƙiyasin gini ta ƙasar suka fito da wani tsarin kwamfuta mai suna ELSIE. An zauna da ƙwararru ne aka tatsi yadda suke tunani, aka mai da shi ƙa'idoji: in kaza ne, to kaza. Na'urar takan yi wa mutum tambayoyi kan irin ginin da girmansa, ta ba shi kasafi tun ba a yi zane ba.

Yau ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayar yaranmu. Ka ba ta awon ɗaki ƙafa 12 sau 12, za ta lissafa maka bulo wajen 400, domin bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. To in an ce maka ɗaki ɗaya ya ci bulo 700, ka ga akwai abin tambaya, cikin ladabi.

Amma fa mu tambaye ta yawan kaya, kada mu tambaye ta kuɗi. Buhun siminti da bai kai Naira 5,000 ba a farkon 2023, ya haura 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024. Farashin yau yana bakin dila. Ba ta kuma ga filinka ba. Harsashin da zai riƙe gida a Kano ba zai riƙe shi a fadamar Legas ba. Wani lokaci ma takan yi kuskure, ta faɗe shi kamar da gaske. Maganar rodi da dekin bene kuwa, wannan sai injiniya.

Duk mai son a duba masa lissafi, ya kawo awon ɗakunansa ofishin ƙungiya ran Lahadi bayan la'asar.