Takardun Yaranmu Kafin Su Zauna JAMB

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron iyaye, Titin Bauchi, Jos



Mai girma Shugaba, malamanmu, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya ga waɗanda suka rufe shago ko suka baro tasha domin su halarci wannan zama. An ɗora mana nauyin yin bayani a kan jarrabawar gama sakandare, da ta shiga jami'a, da hanyoyin samun tallafin karatu. Da yawa daga cikinmu da girmanmu muka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka babu dogon Turanci a nan. Za mu faɗi abin da ƙa'ida ta tanada, da kuma inda take matse mu, mu Hausawa mazauna Jos.

Daga nan inda muke zaune zuwa ƙofar Jami'ar Jos tafiyar ƙafa ce. Yaron Anguwan Rogo da katangarta yake buɗe ido. An fara ta a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma ta Gwamnatin Tarayya ce, ba ta jiha ba. A riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da jarrabawar gama sakandare. Akwai ta WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, akwai ta NECO wadda ta fara a 2000, akwai NABTEB ta makarantun koyon sana'a, sannan akwai NBAIS ta makarantun Arabiyya da addinin Musulunci, wadda ita ma ana karɓar sakamakonta wajen neman gurbi. Iyayen da yaransu ke sakandaren Islamiyya su kwantar da hankali a kan wannan. Abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da karatun da yaro yake so, a zama ɗaya ko biyu, kuma an daɗe ana cewa dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman fannin harsuna, adabi, tarihi da makamantansu, amma ta ce kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawar. Shawararmu, kada yaro ya ji wannan labari ya saki Lissafi, domin ɗan shekara goma sha shida bai gama sanin inda zai dosa ba.

Muna kuma roƙon iyaye a daina cire yaro a aji shida a kai shi makarantar da aka ce ana bayar da amsa a ɗakin jarrabawa. Idan hukuma ta kama irin wannan wuri, sakamakon ɗalibai take riƙewa, an yi asarar kuɗi an yi ta shekara. Wanda kuma ya tsallake da kiredit tara na saye, zai zauna gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai.

JAMB dai an kafa ta a 1978. A 2010 aka fara yin jarrabawa ɗaya ga masu neman jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin horon malamai, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu, maki 400. Sauran ukun su ne inda ake yawan tafka kuskure. Mai son likitanci zai ɗauki Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci zai ɗauki Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Idan aka haɗa darussan da ba su dace ba, ko yaro ya ci 300 ba za a dube shi ba. Hausa, Larabci da darasin addinin Musulunci duk suna cikin darussan da ake iya zaɓa, ga fannonin da suka karɓe su. A 2025 kuɗin rajista ya kama N7,200, ko N8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, kuma a taron tsara manufofi na shekarar aka tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, da maki 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na malamai. Wannan 150 ƙasan tukunya ce kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, da tata tantancewar bayan JAMB, kuma fannonin da ake rububi makinsu ya yi wa wannan nisa. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba.

Tun 2021 ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. Ana tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a karɓi lambar sirri ta buɗe rajista. Layin da aka yi amfani da shi ya zama na yaron har ƙarshe, don haka kada a ari na maƙwabci ko na mai shagon intanet. Abin da ya fi damun mu a nan shi ne suna. Sunan da ke kan NIN da ranar haihuwa su JAMB take ɗauka. Mu kuwa yaro ɗaya Muhammad ne a takardar haihuwa, Mohammed a firamare, Mamman a gida, wani wurin an sa sunan kaka, wani wurin an sa sunan unguwa. Ranar haihuwa kuma duk wadda ta zo bakin wanda ya kai shi rajista. A duba waɗannan takardu tun yaro yana aji huɗu, a daidaita su harafi da harafi. Gyara daga baya yana cin kuɗi da watanni.

To, jama'a, yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. A fom ɗin akwai gurbin da aka ce a rubuta jihar asali da ƙaramar hukumar asali.

A jami'o'in Tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina suke, 35 ga 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta, 20 ga jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko. Kashi biyun ƙarshe da jihar asali ake auna su, ba da inda mutum yake zaune ba. Idan kuma an ba yaro gurbi, ranar tantance takardu makarantu sukan nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin, ta yi daidai da abin da ya rubuta.

Duk mun san tarihin wannan takarda a garin nan. Kakannin wasunmu tun zamanin haƙar kuza suke nan, fiye da shekara ɗari. An ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, kuma tun daga lokacin abin ya zama wani zamani a bayar, wani zamani a rufe, gwargwadon wanda ke kan kujera. Taron zaman lafiya na Filato na 2004 ya tsayar da cewa Birom, Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin Jos, wakilan Hausawa kuwa ba su amince ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin ƙasar. Amma kundin nan dai shi ya kawo rabon daidaito a sashe na 14, ya kuma ambaci ɗan asalin jiha a sashe na 147, ba tare da ya fayyace yadda al'umma take zama 'yar asalin wuri ba. Wannan giɓi shi ne ya bar maganar a hannun ƙananan hukumomi. Mun ga abin da jayayyar ta haifar a 1994, 2001, 2008 da 2010, mu da maƙwabtanmu duka mun binne mutane, kuma babu mai son a koma.

Saboda haka uba yana tsaka mai wuya. Idan ya rubuta Filato, Jos ta Arewa, ya faɗi gaskiyar inda aka haife shi aka haifi ɗansa, amma yana iya zuwa ranar tantancewa hannu babu takarda. Idan ya koma garin kakansa a Kano ko Katsina ko Bauchi, wani za a ba shi, wani kuwa a ce masa ba a san gidansu ba. Wanda aka ba ma ya sani cewa ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ba ta yarda mutum ya riƙe asali biyu ba. Abin da aka rubuta wa yaro yau shi zai bi shi zuwa hidimar ƙasa, da neman aiki, da shiga soja ko ɗan sanda, har ya gangara kan 'ya'yansa. Akwai dattawanmu da suke ganin zuwa karɓo takarda a wani gari tamkar sallama Jos ne, kuma maganarsu tana da nauyi.

Ƙungiya ba za ta zaɓar wa kowane gida ba. Abin da muke cewa shi ne a yanke shawarar tun da wuri, a gida, ba a gaban mai buga kwamfuta ana jan layi ba. A fara neman takardar tukuna, sannan a rubuta abin da ke hannu, a kuma tsaya a kansa a duk takardun yaron. Mai niyyar neman ta Jos ta Arewa ya nema a rubuce, ya ajiye kwafi, in an hana shi ya roƙi a ba shi dalili a rubuce, ya kawo mana. Da irin waɗannan takardu ake zuwa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ba da hayaniya ba. Neman haƙƙin nan aikinmu ne mu manya, kuma a ganinmu bai kamata yaro ya zauna a gida shekara uku yana jiran ƙarshensa ba. Takardar garin kaka ba ta cire wa mutum zama ɗan Najeriya, ba ta taɓa gidansa, ba ta hana shi jefa ƙuri'a a inda yake zaune. Ta jabu kuwa, wadda ake bugawa a bayan shago, kada ma a kusance ta. Ana iya korar ɗalibi a kanta ko yana shekarar ƙarshe.

Akwai ɗan sauƙi a lissafin. Filato, Kano, Katsina, Bauchi, Jigawa, Sakkwato da Zamfara duk suna cikin jihohin kashi 20 ɗin nan, saboda haka a wannan ɓangare babu asara ko wacce aka rubuta. Mai takardar Kano kuma yana cikin yankin Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Kashi 45 kuwa, wanda shi ne mafi girma, maki kawai yake dubawa. Inda takardar take da ƙarfi sosai shi ne makarantun jiha, irin Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, domin a makarantun jihohi an saba fifita ɗan jiha wajen gurbi da kuɗin makaranta. Kada kuma a manta jami'a ba ita kaɗai ba ce. Ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya nan a kan titinmu, ga ta kiwon lafiyar dabbobi a Vom, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a mai cibiya a Jos. Iyayen da ke cewa ba za su tura 'ya mace nesa ba, to ga na kusa.

Tun 2017 duk gurbi ta shafin JAMB mai suna CAPS yake fitowa. Yaron da ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO dole ya koma cibiya a ɗora masa shi da zarar ya fito, in ba haka ba ba za a sa shi a lissafi ba. In an ba shi gurbi, shi da kansa zai shiga ya danna ya karɓa kafin wa'adi ya wuce. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, ko da yaro ya shiga aji ya gama, in sunansa ba ya cikin rajistar JAMB zai sha wahala wajen tafiya hidimar ƙasa.

Sai maganar kuɗi. Tallafin karatu na gwamnatocin jihohi na 'yan asalin jiha ne, kuma na PTDF da na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya su ma sukan nemi shaidar ƙaramar hukuma. Shirin tura ɗalibai ƙasashen waje ta yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, wanda wasu ke tambayar mu, Ministan Ilimi ya sanar da dakatar da shi a 2025. Abin da ya fi buɗe mana shi ne rancen ɗalibai na NELFUND. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarsa ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka buɗe neman ranar 24 ga Mayu na shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na Tarayya da na jiha. Ba shi da ruwa a kansa, wannan kuwa tambaya ce da malamanmu suka fara yi, kuma ba a neman mai tsaya wa mutum. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biya wa makarantar, kuɗin kashewa kuma, wanda aka fara da N20,000 a wata, ya shiga asusun ɗalibi. Abin da ake nema shi ne lambar JAMB, NIN, lambar BVN ta banki da shaidar samun gurbi. Amma bashi ne, jama'a, ba kyauta ba. Shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya, kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. A faɗa wa yaro wannan kafin ya cika fom.

Daga Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu riƙa zama a ofishin ƙungiya bayan La'asar tare da wasu daga cikin yaranmu da suka gama jami'a, domin duba takardu kyauta. A zo da takardar haihuwa, da takardar NIN, da shaidar gama firamare, da takardar ƙaramar hukuma in akwai, ta yaro ko ta mahaifinsa. Iyaye mata da ba za su samu fitowa ba su ba malamar ajin yaƙi da jahilci, za ta kawo mana. Yanzu Shugaba zai buɗe fili ga masu tambaya.