Fiza a Ƙarƙashin Rumfa

 Yau hirar tamu a kan fiza ce, abincin nan na Italiyawa da yara ke ja mana riga a saya musu, musamman in an fita shan iska da yamma aka zauna a gidajen abincin da ke jera tebura a waje ƙarƙashin rumfa.

Asalinta birnin Napoli ne a kudancin Italiya, kuma da can abincin talaka ce. A murza kwaɓin fulawa ya yi faɗi, a shafa markaɗen tumatir, a zuba cuku, a jefa a tanderu, kusan yadda ake gasa gurasa a Kano. Zafin tanderun masu fiza na Napoli yakan haura digiri 400, cikin minti ɗaya da rabi ta gasu. Sana'ar ta yi sunan da a 2017 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. A ƙananan garuruwan Italiya, in lokacin zafi ya zo, iyali su zauna a dandali, a kawo wa kowa tasa siririya tana turiri, a cinye nan take.

To, ku riƙe wannan cinyewa nan take, don nan maganar take. Ƙwayoyin cuta ba sa jure wa irin wannan wuta, saboda haka fiza da tsabtarta take fitowa. Daga bakin tanderu zuwa bakinka ne ake samun matsala.

Kafin ka zauna, Malam, dubi inda aka sa teburin. In kwata na gudana kusa da shi, ko kwandon shara a buɗe, ƙudan da ya tashi daga can a kan cukun nan zai sauka, kuma ƙuda na ɗauko cutar gudawa da taifot a ƙafafunsa. Ka nemi teburin da ke nesa da bakin titi, balle lokacin hunturu da ƙura ke tashi. Sannan fiza da hannu ake cinta. Hajiya, hannun yaron nan da ya gama wasa da ƙasa, ya riƙe kuɗi, ya shafa kujera, a wanke shi da sabulu da ruwan da ake zubawa daga buta. Kwanon wanke hannu guda da mutum biyar suka tsoma bai wanke komai ba. Haɗin kabeji da latas da ake kawowa a gefe kuwa bai ga wuta ba. In zuciyarki ba ta kwanta da ruwan da aka wanke shi ba, ki bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ragowa. Fiza da tsada, ba mai son ya bar ta, sai a rufe kwali a jefa bayan mota, a biya ziyara gida biyu, a iso gida bayan isha'i. Masana tsabtar abinci sun ce dafaffen abinci mai nama ko cuku kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya ce kacal. Ku tuna a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu zafi na wuce digiri 40. Wasu ƙwayoyin cutar, in sun samu wannan dama, guba suke zubawa a abincin, kuma ɗumame ba ya kashe ta. Ragowa ta shiga firji da wuri, gobe a ɗumama ta har tsakiyarta ta yi zafi sosai. In an ɗauke wuta ta kwana a firji mai ɗumi, a haƙura da ita, ko da ba ta wari.

Sai gishiri, wanda ido ba ya gani. Akwai shi a kwaɓin, akwai a cuku, akwai a tumatirin, ga kuma sarrafaffen naman da ake jerawa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, alhali yanka uku na babbar fiza mai nama na iya kai mutum gab da wannan iyaka a zama guda. Mai hawan jini, don Allah ka tsaya a yanka ɗaya ko biyu, ka zaɓi mai tattasai da albasa da ganye. A 2015 cibiyar binciken kansa ta wannan hukuma ta sa sarrafaffen nama, irin su tsiran Turawa, cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, don haka kada ya zama na kullum. Matafiya kuma su tambaya kafin su ci, domin a Turai da Amurka jan naman nan da ake yankawa zagaye-zagaye yawanci da alade a ciki.

Gishirin zai sa ka ƙishi, hannu ya kai ga lemo. Gwangwani ɗaya na lemon zaƙi na ɗauke da sukari wajen giram 35. Mai ciwon sukari, fulawar fizar ma ta ishe shi lissafi, ya nemi ruwa.

In bayan an dawo gida yaro ya fara amai da gudawa, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko ya kasa shan komai, ko idanunsa sun faɗa, a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye.