Fasta, Malamin Bango: Yadda Za Mu Tsara Takardun Wayar da Kai a Ƙasar Gumel

    

Gabatarwa

Batun da aka nemi mu tattauna a yau shi ne fasta, wato takardar nan mai hoto da rubutu da akan liƙa a bango domin ilmantar da jama'a. Duk wanda ya bi hanya daga Gumel zuwa Maigatari ya san babu katangar makaranta ko ta asibiti da ba ta sha liƙe-liƙe ba. Ana kashe kuɗi masu yawa wajen bugawa, amma kaɗan ne daga cikin waɗannan takardu suke sa mai wucewa ya tsaya, balle har ya sauya wata ɗabi'a tasa.

Dalili kuwa shi ne, fasta tamkar malamin da aka bari shi kaɗai a jikin bango take. Malamin aji in ya ga fuskokin yara sun nuna rashin fahimta, sai ya maimaita ko ya sake misali. Fasta ba ta da wannan dama, kuma ba a ɗaga mata hannu a yi tambaya. Saboda haka ma'aunin kyanta ɗaya ne: abin da mai wucewa ya fahimta cikin ɗan lokacin da ya ɗaga ido ya dube ta.

Taƙaitaccen Tarihi

Tsara rubutu da zane domin jan ido ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Allon zayyana da ake yi wa almajiri ranar sauka ya isa shaida: rubutu a tsakiya, ado a kewaye, babu wanda ya shiga gonar wani. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA da ke Zariya ta buga ƙananan littattafai da takardun koyon karatu da aka baza a lardunan Arewa. Mu da muke firamare a farkon shekarun 1970 mun ga gangami biyu da ba mu manta ba: komawa tuƙi a hannun dama cikin Afrilun 1972, da shigowar naira da kwabo a Janairun 1973. Saƙon canjin kuɗin gajere ne ƙwarai: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ma ta riƙe shi.

Da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta a 1976, kwalejojin horon malamai suka cika, kuma a can aka koya mana cewa ɗalibin malanta ba ya zuwa koyarwar gwaji ba tare da kwalinsa na zane a hammata ba. Abin da za mu faɗa a ƙasa daga wancan horo ne, da kuma shekarun da muka yi a aji da ofishin hedimasta.

Saƙo Ɗaya Tak

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Babbar cutar fastocinmu ita ce cunkoso: a takarda ɗaya a yi maganar rigakafi da gidan sauro da wanke hannu, sannan a jera tambarin hukumomi shida da hoton mai gida a sama. Kafin mai zane ya ɗauki fensir, ya kamata ya iya faɗin abin da yake so mai kallo ya aikata cikin jimla ɗaya. In jimlar ta ƙi fitowa, to fastar ba ta nuna ba tukuna.

Yaƙi da kurkunu ya nuna amfanin haka. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu wannan cuta a Nijeriya, ga shi ba ta da magani ko allurar rigakafi. Abin da aka yi ta nanatawa a hotuna da bakin ma'aikatan sa kai shi ne a tace ruwan sha, kuma mai kurkunu kada ya shiga tafki. Da wannan da samar da rijiyoyi, an ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar nan a 2013.

Ga kuma misali na kusa da gida. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu. Tankoki suna bin hanyoyinmu dare da rana. Fastar da za ta yi aiki a kan wannan ba ta buƙatar bayanin sinadarin fetur. Hoton tanka a kwance, mutane suna guje mata, da kalmomi kaɗan sun isa: Tanka ta faɗi? Yi nesa, kada ka ɗiba.

Harshe da Rubutu

Fastar da aka rubuta da Turanci aka liƙa a ƙauyen Gagarawa ado ce kawai. Fassarar da aka bi Turanci kalma bayan kalma ita ma ba ta fi ta ba. A rubuta saƙon da Hausar da uwa take yi wa ɗanta, a kuma kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa. Mun sha ganin kyalle a ƙofar taro an rubuta ana maraba da manyan baki, alhali baƙi ake nufi. Tsakanin bari da ɓari, ko kafa da ƙafa, akwai tazarar da a fastar asibiti za ta iya zama haɗari.

Kada kuma mu manta da ajami. Mutane da yawa a karkararmu, maza da mata, ba su yi boko ba amma suna karanta ajami sarai, shi ya sa har yau yake jikin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Layi ɗaya na ajami a ƙarƙashin na boko yakan ƙara yawan masu karanta fasta ƙwarai. Kasuwar Maigatari kuwa, da take ci ranar Alhamis, tana tara Fulani da Mangawa da baƙi daga Jamhuriyar Nijar, waɗanda bokonsu na Faransanci ne. A irin wannan wuri hoto ne harshen da ya haɗa kowa.

Hoto

An ce gani ya kori ji, amma sai in mai gani ya gane abin da ya gani. Karanta hoto shi ma koyonsa ake yi. Wani bincike da hukumar UNICEF ta yi da mutanen karkara a ƙasar Nepal a 1976 ya nuna cewa alamomi irin su kibiya da gicciye da maki, waɗanda ɗan makaranta yake ɗauka kowa ya san su, da yawan mutanen da ba su yi karatu ba ba sa gane manufarsu. Malaman lafiya ma suna yawan ba da labarin fastar da aka zana sauro ƙato kamar zabo, mutanen gari suka duba suka ce sun gode Allah, nasu sauron bai kai haka ba.

Don haka a zana abu da girmansa na gaskiya kusa da abin da aka sani, a zana mutum cikakke maimakon hannu ko kai shi kaɗai, a share duk wani tarkace da ke bayan hoton. Mutanen cikin hoton su zama namu: sutura irin tamu, randa da rumbu da amalanke irin na gidajenmu. A shekarun 1980, da ake koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa, ma'aunin ruwan da aka yaɗa shi ne kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu. Uwar da ke ƙauyen Sule Tankarkar ina ta ga kwalbar giya? Wanda ya san wurin, kwalaben lemo zai zana mata.

Akwai kuma wani abu da masu zane daga nesa ba sa lura da shi. Wanda ya saba da ajami daga dama yake fara duba takarda. In aka jera hotuna uku daga hagu zuwa dama, yaro ba lafiya, an ba shi magani, ya warke, to shi abin da zai gani shi ne yaro lafiyayye ya sha magani ya kwanta. Maganin wannan shi ne a jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, a kuma sa musu lamba.

Girman Haruffa da Launi

Masu rubutun alluna suna da ƙa'ida: tsawon harafi inci ɗaya ga kowace tazarar ƙafa goma. Ke nan kwalin da za a rataya a gaban aji, domin yaron bencin ƙarshe ya karanta, haruffansa kada su gaza inci biyu. Ga 'yan aji ɗaya da biyu a yi amfani da ƙananan haruffa masu siffar da malami yake rubutawa a allo, a guji rubutu mai ƙawa. Baƙi a kan fari ko a kan ruwan ɗorawa shi ya fi fitowa daga nesa. Ja yana jan ido, amma ranar ƙasarmu shi take fara kashewa, don haka kada a rubuta ainihin saƙon da shi. A bar fili a takardar, domin ido ma yana son wurin hutawa. A kuma yi hattara da launukan jam'iyyu, kada saƙon lafiya ya koma na siyasa.

Gwaji Kafin Bugawa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yi zanen farko da fensir a kwali, a kai wa mutum goma daga cikin waɗanda aka yi dominsu: mai tallan nono, ɗan acaɓa, manomi, matar aure, ɗan aji uku. Kada a kai wa abokan aiki a ofis, domin su sun riga sun san amsar. A nuna wa kowa shi kaɗai, a yi shiru, sannan a tambaye shi me ya gani, me ake so ya yi, kuma ko akwai abin da bai yi masa daɗi ba. In uku daga cikin goma suka kauce, laifin na takarda ne, sai a gyara a sake gwadawa. Kuɗin wannan aiki kwali biyu ne da yini ɗaya, alhali kuskuren da aka buga dubu biyar ba ya gyaruwa.

Wurin Liƙawa

A liƙa fasta inda mutane suke jira: bakin rijiyar burtsatse, injin niƙa, tashar mota, rumfar masu jiran likita. Saƙon da ya shafi mata ba a kai shi kara ko majalisar maza. Wurinsa ɗakin awon ciki da makarantun Islamiyya na matan aure, bayan an nemi izinin masu wurin. A aji, a rataya kwali daidai idon yaro, a kuma sauya shi bayan mako biyu ko uku, domin abin da ya daɗe a bango ido yakan daina ganinsa. A sa shekarar bugawa a ƙasan kowace fasta, a cire wadda ta tsufa. Yanzu ma'aikatan lafiya ƙunshin garin ORS da ƙwayar zinki suke bayarwa ga yaro mai gudawa, amma akan tarar da tsohuwar takarda tana nan tana koyar da tsohon ma'auni.

Matasanmu a yau suna tsara fasta a wayar hannu su tura ta WhatsApp. Madalla da wannan. Sai dai ƙa'idojin ba su sauya ba, ƙanƙantar fuskar waya ma ƙara tsananta su ta yi.

Shawarwari

Muna ba ƙungiya shawara uku. Ta farko, a nemi haɗin kan Kwalejin Ilimi da ke nan Gumel domin shirya wa malaman firamare na ƙananan hukumomin huɗu bita ta yini biyu a kan yin kayan koyarwa da abin da ke hannu: kwali, takardar buhun siminti, tawadar gawayi da ƙaro. Ta biyu, a kafa gasar zane tsakanin makarantun sakandare a kowace shekara, a kan abin da ya dame mu, kamar dashen itatuwa saboda kwararowar hamada, da tura 'ya'ya mata makaranta, da haɗarin kwasar fetur. Alƙalan gasar su haɗa da mutanen kasuwa waɗanda ba su yi boko ba. Ta uku, duk fastar da za ta ɗauki sunan wannan ƙungiya, kada ma'aji ya fitar da kuɗin bugawa sai an kawo masa shaidar gwajin da aka yi mata.

Kammalawa

Jama'a, masu zane muna da su, malamai muna da su, bango kuwa ba ya ƙarewa. Abin da ya rage shi ne mu riƙa tambayar mutanenmu abin da suka gani kafin mu liƙa musu takarda. Muna roƙon kwamitin ilimi ya sa waɗannan shawarwari cikin ayyukan bana, domin a taron baɗi mu ga fastocin da 'ya'yanmu suka zana da hannunsu.