Buɗaɗɗiyar Manhajar Haraji da Kuɗin Kasuwa a Ƙasar Kurfey

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Tun zaɓen 2004 aka ɗora wa ƙananan hukumominmu, Filinge, Kurfey ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya, nauyin tara kuɗin shigarsu, kuma kundin tikiti da biro ne makamin aikin. A Yamai hukumar haraji ta DGI tana da tsarin SISIC, ta kuma fito da rasit na SECeF don kama harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Ban raina wannan ƙoƙari ba. Amma ma'aunin UEMOA shi ne haraji ya kai kashi 20 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa, mu kuwa muna fama a wajajen rabin haka, kuma waɗancan na'urori ba su san da mai rumfar gishiri a kasuwar Filinge ba.

Abin da nake kira a kai, wato buɗaɗɗiyar manhaja, an riga an gwada shi. A 2011 aka fara OpenFisca a Faransa, manhajar da ke mayar da dokar haraji lissafi, wadda kowa ke iya karantawa, ya gyara, ya ɗauka kyauta. A Afrilun 2016 hukumar harajin Faransa ta buɗe wa jama'a rubutun manhajar da take lissafa harajin kuɗin shiga da ita. A 2021 masu bincike irin su Denis Merigoux suka gabatar da Catala, harshen kwamfuta da aka ƙera domin rubuta doka. A Mayun 2025 Amurka ta saki rubutun manhajar harajinta Direct File. An kuma gina samfurin OpenFisca na Tunisiya, Senegal, Mali da Kodebuwa. Mali fa, maƙwabciyarmu!

Yadda masu irin waɗannan manhajoji suke aikin ne ya fi jan hankalina. Mutum biyu ke zama gaban allo guda: masanin haraji ya karanto sashen doka, mai rubuta manhaja ya rubuta lissafinsa a ƙarƙashi. Inda doka ta yi shiru, dole a tsaya, domin kwamfuta ba ta san “a duba hali” ba. Sannan masanin ya kawo misalai: wane yana da kaza, zai biya kaza. In manhaja ta ba da wata amsa daban, ba za a sake ta ba. Farashin kowane haraji kuma yana cikin jadawali mai kwanan wata, wanda ma'aikaci zai sauya ba tare da ya kira injiniya ba.

To wa ne masanin haraji a Kurfey? Shi ne mai yanka tikiti da ke bin rumfa rumfa da jakarsa a wuya, da maigarin da ya san gidan da ya yi ƙaura tun ƙidayar bara. Su suka san kuɗin shigar da akuya kara daban, kuɗin da ake biya in ta sayu daban. Su suka san matar da ta zo da ƙwaryar kuka bayan la'asar, kasuwa na watsewa, da gardamar da ake yi kan tikitinta. Takarda ta ce 50, bakin mai biya ya ce dala goma. Injiniyan da bai taɓa tsayawa a kara ba, ina zai san waɗannan?

Jami'ai kan ce buɗe manhaja tona asirin masu biya ne. Wannan magana ba ta da tushe, kuma sun daɗe suna fakewa da ita. Ƙa'idar lissafi ake buɗewa, sunayen mutane suna nan a kulle. Abin da muka sha gani shi ne a kawo rufaffiyar manhaja da kuɗin masu tallafi, aikin ya ƙare, kamfanin ya tafi da mabuɗinsa, kwamfutar ta koma shan ƙura. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, talaka ba shi da kansilan da zai tambaya yadda aka yanka masa kuɗi, sai dai a nuna masa ƙa'idar a fili.

Akwai matsalar wuta, da layin waya, da tsaro. Don haka dole manhajar ta yi aiki a wayar hannu ko babu intanet.

Ina roƙon a sa sharaɗi a duk kwangilar manhajar haraji cewa rubutunta mallakar jama'a ne. A kuma haɗa ɗaliban Jami'ar Boubakar Bâ ta Tillaberi da masu yanka tikitin kasuwar Filinge, su fara da harajin kara kaɗai, su gwada shi shekara guda kafin a taɓa sauran.