Ƙofofin Taimako Ga Ƙannenmu Masu Karatun Lauya

(Jawabin da ɗaya daga cikin lauyoyinmu ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan taimakon da ɗalibin lauya zai iya samu. Zan fara da abin da na gani da idona. Akwai wani abokina, ɗakin kwananmu ɗaya a wannan makaranta, tare kuma muka gama digiri. Wallahi ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba. Amma da lokacin tafiya Makarantar Horas da Lauyoyi ya zo, mahaifinsa ya rasu, kuɗin rajista ya gagara. Shekara biyu yana zaune a gida, daga baya ya kama koyarwa, bai ƙara komawa ba. Abin da ke damuna har yau shi ne, a lokacin akwai yayyenmu da za su iya biya masa ba tare da sun ji a jikinsu ba. Bai san su ba, su ma ba su san da shi ba.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, hanyar tana da tsawo. Yaro zai yi shekara 5 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a harabar Kongo, ko ta Bayero a Kano. Daga nan sai ya yi kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962, ta fara aiki a Legas a 1963, aka mayar da hedikwatarta Bwari a 1997. Yanzu tana da rassa, har da na Bagauda a jihar Kano da na Yola. Ba lallai ne a tura ɗalibi inda ya zaɓa ba. Ɗan Katsina na iya tsintar kansa a Yenagoa. Ga kuɗin makaranta, ga na mota, ga littattafai, ga baƙar kwat, sannan a ƙarshe ga hular gashi da doguwar riga ta ranar rantsuwa. A wannan gaɓar ne 'ya'yan talakawa suka fi zubewa.

To, ina ƙofofin suke?

Ta farko ita ce hukumar ba da tallafin karatu ta jiharka. Jihohi da dama kan taimaka wa 'yan asalinsu da za su wannan makaranta, sai dai kuɗin yakan yi jinkiri. Saboda haka ka tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarka tun da wuri, kada ka jira sai an yi sanarwa.

Ta biyu, ga wanda ke jami'ar gwamnati, akwai asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Bashi ne marar ruwa. Ana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, kuma ba a fara karɓar biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma fa bashi ne, a ɗauka da niyyar biya.

Ta uku tana cikin tsangayar kanta. Akwai ƙungiyar ɗaliban lauya, inda na gaba ke koyar da na baya, ana kuma yin kotun gwaji. Akwai ɗakunan taimakon shari'a kyauta, waɗanda ƙungiyar NULAI ta yi ta yaɗawa a jami'o'i tun bayan kafa ta a 2003. A nan ɗalibi ke zama da talakan da ke da ƙorafi, ko ya ziyarci masu jiran shari'a a gidan yari, a ƙarƙashin kulawar malami. Abin da za ka koya a can, littafi ba zai ba ka ba.

Ta huɗu ita ce lauyoyin gari: reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ga ƙannenmu mata, da Hukumar Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. Ku je ku gaishe su, ku nemi zama a ofisoshinsu lokacin hutu. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙannena, ku ajiye kunya. Idan abu ya yi tsanani, ko rashin kuɗi ne, ko rashin lafiya, ko damuwar da ke hana barci gab da jarrabawa, ku faɗa wa malamin da aka haɗa ku da shi, ko likitan makaranta, ko limaminku. Ɓoye ciwo ba jarumta ba ce.

Yanzu kuma gare mu. Ina roƙon wannan taro ya amince da abu uku. Na ɗaya, sakatare ya tattara sunayen lauyoyi da alƙalan da ke cikinmu, da garuruwan da suke, domin duk yaron da aka tura koyon aiki a kotu ko ofishin lauya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma sami masauki. Na biyu, duk mai littattafan da ya gama da su, ko hula da rigar da ba ya sawa, ya kawo a riƙa bayarwa aro. Na uku, mu buɗe ɗan asusu na musamman domin kuɗin rajistar shekarar ƙarshe, a naɗa amintattu uku su kula da shi, su riƙa kawo mana lissafi kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni dai na zo da tsohuwar hulata da littattafai guda goma, suna wurin sakatare. Wanda ya karɓa, sharaɗina ɗaya ne: idan an rantsar da shi, ya miƙa wa na bayansa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.