Wa'azi a Kan Annobar Kano da Ƙidayar Mamata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamai, Allah ya gafarta muku, ya ku almajirai, Allah ya yi muku buɗi, abin da ya tara mu yau shi ne zancen annobar nan da ake kira korona, wadda ta sauka Kano a shekara ta 1441 ta Hijira, daidai da 2020 ta Miladiyya. Na san wani zai ce a ransa, abin da ya wuce ya wuce, don me malam zai tona kabari? To, ba tonawa za mu yi ba. Ƙidayawa za mu yi, zama har yau ba a daidaita a kan yawan kaburburan nan ba.

Ku sani cutar ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ta shigo Najeriya ta Ikko, aka tabbatar da ita ran 27 ga Fabrairu 2020. Ba a tabbatar da ita a Kano ba sai ran 11 ga Afrilu, cikin watan Sha'aban. Ran 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kulle gari kwana bakwai, azumi ya kama ran 24 mutane suna cikin gidajensu, ran 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa kulle na mako biyu, daga baya ya ƙara biyu. Farkon Mayu babu jihar da ta fi Kano yawan masu cutar sai Ikko. Cikin Yuni lissafi ya haura 1,000, sa'an nan ya riƙa ja baya, aka ɗage kulle a farkon Yuli. Rigakafi ya iso ƙasar a Maris 2021, kuma a Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce halin gaggawa ya ƙare. Da aka rufe daftari, abin da aka rubuta wa Kano mutum 5,000 ne da 'yan ɗaruruwa, mamata kuwa 127, alhali Ikko ta wuce 100,000.

Wannan lissafin hukuma ke nan. Ba ƙarya ba ne, amma ku san abin da yake ƙidayawa. Ba a rubuta mutum cikinsa sai an ɗebi majina daga hancinsa ko maƙogwaronsa, an kai ɗakin gwaji, na'ura ta shaida. Wanda ya yi zazzaɓi a ɗakinsa, numfashi ya yi masa wuya, ya cika da asuba, aka kai shi makwancinsa da hantsi, wannan ba ya ciki. A farkon al'amari kuwa ɗakin gwaji ɗaya ne a Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, shi ma aka tsayar da aikinsa kwanaki a ƙarshen Afrilu. A kwanakin nan lissafi ya yi shiru, wawa ya zaci cuta ce ta yi shiru. Mudu ba ya auna hatsin da ba a kawo kasuwa ba.

Waɗanda suka fara ɗaga murya masu haƙar kabari ne, mutanen da ba su da alƙalami, ba su da ofis. Suka ce gawawwakin da ake kawo musu a rana sun ninka abin da suka saba, kuma mafi yawa tsofaffi ne. Gwamnatin jiha ta amsa da fari cewa hawan jini ne, da ciwon sukari, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro. Gwamnatin tarayya ta aiko ayari ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Tun da yake an riga an binne mutanen, babu abin aunawa, sai aka bi iyalansu ana tambaya: ya yi tari? Ya yi zazzaɓi? Numfashi ya sarƙe masa? Kwana nawa ya yi yana jinya? Ran 8 ga Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya faɗi abin da aka samu: mutum 979 suka mutu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, har an kai 43 a rana guda, kafin abin ya sauko zuwa 11 a farkon Mayu. Ya ce tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari annobar ce ta yi ajalinsu ko ta tayar da ciwon da ya yi ajalinsu, mafi yawansu sun haura shekara 65, fiye da rabi kuma a gida suka cika.

To, almajirai, ku ɗauki allo. Rabin 979 ya kusa 490. Wannan na 'yan makonni ne kawai, cikin birni kawai, ga shi ya kusa ninka 127 sau huɗu. Gwamnatin jiha ta yi nata binciken, ta fito da kaso ƙasa da wannan nesa. Hukuma biyu, gari ɗaya, mamata ɗaya, lissafi biyu. Ba don ɗayansu ba ta iya ƙidaya ba ne. Sababinsa shi ne duka biyun tambayar baki suka dogara gare ta bayan an share makoki, domin babu wani daftari da aka riƙa rubutawa ranar da abin yake aukuwa.

Nan ne zance ya zo kanmu. Wane ne ake kira in an yi rasuwa a unguwa? Ba likita ba, ba ɗan majalisa ba. Malam ake kira, shi zai tsaya a kan wanka da likkafani, shi zai ba da salla. Kafin mai haƙar kabari ya ga gawa, liman ya riga ya gan ta. Limamin da ya saba jana'iza biyu a mako, ya wayi gari yana yin biyar a rana, ya riga minista sanin labari da wata guda. Ilimin yana ƙirjinmu, muka bar shi ya watse.

Kada wani ya ce ƙidayar mamata bidi'ar Nasara ce. Masu tarihin Misira sun rubuta cewa a birnin Alƙahira akwai diwani da ake rubuta mamata kullum saboda sha'anin gado, kuma a lokacin annoba har ana ƙidaya gawawwakin da aka yi wa salla a kowane wurin jana'iza. Da irin wannan lissafi ne Hafizi Ibnu Hajar, cikin littafinsa Bazlul Ma'un, ya kawo abin da ya auku a shekara ta 833 ta Hijira: masu mutuwa a rana ba su kai arba'in ba, sai aka yi shela mutane su yi azumi kwana uku, su fita sahara su taru don addu'a, suka fita, watan bai ƙare ba sai da aka riƙa binne fiye da dubu a rana. Ba ya hana addu'a, Allah ya tsare. Taruwar ce ya yi inkari a kanta, zama ba a samo ta daga magabata ba. Ku duba, da babu mai rubutawa a diwanin nan, da wace hujja malamin zai tsaya?

Kun kuma san labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya nufi Sham, ya isa Sarga, shugabannin runduna suka tare shi da labarin annoba. Bai yanke hukunci ba sai da ya ji labari na gaskiya, ya shawarci Muhajiruna da Ansaru, kana ya juya da jama'a, Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya ƙarfafa shi da hanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ga shiga ƙasar da annoba take da fita daga cikinta don gudu. Da Abu Ubaida ya ɓoye masa, ya ce ai zazzaɓi ne na kowace shekara, da halifa ya shigar da sahabbai cikin wuta. Labari na gaskiya shi ne farkon hukunci.

Saboda haka ne dokokin da aka yi a wannan annoba suka zo a karkace. Dokar da Shugaban ƙasa ya dogara gare ta ran 30 ga Maris 2020, da ya kulle Ikko da Ogun da Abuja, dokar killacewa ce ta 1926, wadda Turawan mulki suka kafa a zamanin da annobar ɓera take cin Ikko. Shekara casa'in da huɗu tana ajiye. Da wuta ta kama, sai Majalisar Wakilai ta tashi haƙa rijiya. Ran 28 ga Afrilu kakakinta, Femi Gbajabiamila, ya kawo ƙudurin dokar cututtuka masu yaɗuwa, aka yi masa karatu na ɗaya da na biyu a zama guda, wasu wakilai suna kukan ba a ba su takardar sun karanta ba. Sai aka gano mafi yawansa an kwafo shi daga dokar ƙasar Singafo, kuma ya tara iko mai yawa a hannun shugaban hukumar yaƙi da cututtuka, har da tilasta rigakafi. Jama'a suka yi ca, gwamnoni suka ƙi, ƙudurin bai zama doka ba.

A Kano kuwa aka kafa kotunan tafi-da-gidanka suna cin tarar wanda ya fito, har an kama limamin da ya ba da sallar Juma'a. Ban ga laifin hana taro ba, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma uzuri yana sauke Juma'a. Abin da na ga laifinsa shi ne a kulle ɗan dako da mai sayar da ruwa, wanda abincin darensa yake cikin guminsa na rana, cikin azumi, tallafin da aka raba bai isa ko'ina ba. Sa'an nan aka ce a fito Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma zuwa huɗu a yi cefane. Birni kamar Kano, a sake shi sa'a shida! Cinkoson da aka hana a masallaci sai ya koma bakin kasuwa, ya ninka. Mai hankali ya ga haka ya yi shiru, marar haƙuri ya ce ashe duk wasa ne.

Mutanen Kano kuma suna da tsohon miki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya haɗa yara wajen 200 a nan garin, goma sha ɗaya suka mutu, shari'a ta ja har 2009 kafin a yi sulhu da jiha. Zargin da wannan ya haifa yana cikin abin da ya sa aka tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukumar da take magana da irin waɗannan mutane, in ta ce babu komai alhali suna dawowa daga maƙabarta sau uku a yini, ta sayar da amanar da za ta bukata gobe.

Akwai kuma abin da ya taɓa tsangayu kai tsaye. Cikin Afrilun nan gwamnonin Arewa suka daidaita a kan mayar da almajirai jihohinsu. Aka loda yara a motoci daga Kano, garin da cuta take ci, aka kai su Kaduna da Jigawa da sauransu, da aka gwada su can aka sami gommai suna ɗauke da ita. Wannan shi ne ainihin fitar da hadisi ya hana, hukuma ce kuma ta yi shi da motarta. Amma mu faɗi gaskiya ko a kanmu: tsangaya nawa ce malaminta zai iya buɗe littafi ya nuna sunan kowane yaro, da sunan ubansa, da garinsu, da ranar da aka kawo shi? Wanda ba a rubuta shi ba, shi ake kwasa kamar kaya.

Na san abin da ya sa iyalai suka riƙa ɓoye alamun ciwo. Suna tsoron a ɗauke musu gawa, a hana su sutura, ko a riƙa nuna gidansu. Aikinmu ne mu gaya musu mutuwar annoba ba abin kunya ba ce. Malamai sun yi saɓani ko korona tana shiga cikin ɗa'unin da aka yi wa mamacinsa bushara da shahada, ko kuwa waba'i ce kawai, wannan mas'ala ce ta wani zama. Amma babu wanda ya ce aibi ce. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal a annobar Amawasa suka cika.

Ga abin da nake roƙon kowane limami da ke wannan zama. Ya sayi littafi guda, ya ajiye a masallaci. Duk jana'izar da ya yi wa salla, ya rubuta ranar, da sunan mamaci, namiji ne ko mace, da kimanin shekarunsa, da kwanakin jinyarsa, da abin da iyali suka gani gare shi, tari ne, ko gudawa, ko sanƙarewar wuya, ko haihuwa. Ajami ya isa, ba sai boko ba. Ran Juma'a ya duba na mako, in ya ga ya fita daga al'ada ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci ko hakimi, su isar ga ma'aikatan lafiya. Tun 1992 akwai dokar ƙasa da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun hukumar ƙidaya, sai dai kaɗan ne suke zuwa, littafin masallaci shi zai cike wannan giɓi. Mai tsangaya kuma ya yi wa almajiransa irinsa.

Duk dokar annoba da Majalisar Dokokin Kano ta yi ko za ta yi, ƙungiya ta nemi a kawo mana ita da Hausa tun ana zaune lafiya, mu karanta ta a zaure kamar yadda muke karanta Risala, babi babi. Mu duba wane ne ke da ikon kulle gari, kuma kwana nawa, da wace hujja, a wuyan wa ciyar da wanda aka kulle yake, yaya za a yi wa mamaci sutura bisa shari'a ba tare da an cutar da masu wanka ba, kuma ina almajiri zai zauna. In an ba mu ita, zaman da zai biyo baya a kanta za mu yi shi, in Allah ya yarda. Haza wassalamu.