Saƙo ga matan jam'iyya a kan nono da madara

Iyayena mata da 'yan uwana na Gusau, Tsafe da Bunguɗu.

Maganar nono ce ta kawo ni. Saƙon murya ya yi yawa a wayoyinmu, wai a daina shan nonon kasuwa. Jiya wata ƙanwata ta bugo min hankali tashe, har ta zubar da ƙwarya guda. Na ce mata a'a, a bi a hankali.

Madarar gwangwani ma ba ta tsira ba. A 2008 a ƙasar Sin an zuba wani sinadari, melamin, a madarar jarirai, yara shida suka rasu, kusan 300,000 suka yi jinya. Amma kayan kamfani yana da lambar rukuni a jikinsa. In an gano matsala, hukuma irin NAFDAC za ta sanar a janye shi, ke kuma ki duba gindin gwangwaninki ki ga ko lambar ta zo daidai. To nonon ƙwarya fa, wa zai janye shi? Ba lamba, ba rana. Mu ne NAFDAC ɗinsa.

Ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga jikin saniya. Akwai tarin fuka na shanu. Akwai wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari. In ta kama mutum sai zazzaɓi ya riƙa tafiya yana dawowa, ga gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ki yi ta sha wa maleriya magani alhali ba ita ba ce. Kuma kada tsami ya ruɗe mu, ba ya kashe ƙwayar cuta duka. Wuta ce ke kashewa. Shi ya sa kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a ɗaura ya fi kwanciyar rai. Sai ruwan sirki. Nono mai kyau, in an tsinka shi da ruwan kududdufi, amai da gudawa aka saya.

Abu ɗaya nake roƙo, don Allah: kada mu mayar da wannan magana ƙiyayya da masu tallar nono. Da yawansu rashin tsaro ya raba su da rugagensu, da wannan ƙwaryar suke ci da marayu. Ki riƙe mai nono guda wadda kika sani, ki tambaye ta cikin mutunci: “Inna, an dafa madarar nan? Wane ruwa aka sa?” In madara aka kawo miki sabuwar tatsa, ki ɗora ta a wuta ta tafaso, musamman in mai ciki ce ko ƙaramin yaro zai sha.

Shugabannin mata na mazaɓu, ku karanta wa waɗanda ba su da waya. Saƙon da ba ki san tushensa ba kuma, ki turo min kafin ki watsa.